Kunyar Ɗan Fari Ta Sa Na Miƙa Ɗana Ga Masu Zargi

Edita, ina gaisuwa. Ni mace ce daga wani ƙauye a ƙasar Karaye, kuma lokacin da abin nan ya faru sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ni da dukiya, amma ina ji da tarbiyyar gidanmu, inda uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa. Nawa ɗan farin yana karatu a wata kwaleji a Kano, kuma ko sau ɗaya ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce wancan. Har dariya nake yi wa matan zamani masu rungumar 'ya'yan fari a gaban mutane.

Yana da aboki ɗan wajen Rogo, ɗakinsu ɗaya a makaranta. A wani hutu na damina, dawa ta rufe gonaki, abokin ya zo mana ranar kasuwa, ya ci dambu har yana tsokanata cewa na fi babarsa iya yaji. Bayan azahar wancan ya raka shi inda zai hau babur, ya dawo kafin la'asar, ya kai mini gyaɗa inji, ya tsaya muna tuya har mai ya fallatsa masa a hannu. Washegari manoma suka tsinci gawar abokin nasa a cikin dawa a hanyar Rogo, an sare shi, babu wayarsa.

Da muka je gaisuwa, gwaggon mamacin ta dube ni a tsakiyar mata ta tambaye ni inda ɗana ya wuni ranar. Wallahi na san amsar, ƙunar hannunsa ma ni na shafa mata magani. Amma bakina ya yi abin da ya saba. Na sunkuyar da kai na ce ni ba na bin sawun wancan, wa ya san inda yake yawonsa. A wurinmu wannan kunya ce, kowace uwa haka za ta ce. Matan suka kalli juna, kuma kafin mu dawo gida maganar ta riga mu isowa, wai uwarsa ma ta ce ba ta san inda ya shiga ba.

Daga nan kowa ya zama mai bincike. Wani ya ce an ga suna musu a tasha, kafin kasuwa ta zagayo musun ya zama kokawa. Wata ta ce a kan yarinya ne a makaranta, yarinyar da har yau babu wanda ya san ko 'yar wane gari ce. Ƙunar mai ta koma raunin da mamacin ya ji masa. 'Yan sanda suka tafi da ɗana, suka yi tambayoyinsu, suka sake shi, domin mai inji da maƙwabtanmu sun shaida ganinsa, kuma duk mai zargin da aka nemi ya faɗi abin da idonsa ya gani sai ya ce shi ma ji ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan hukuma ta sallame shi, ni na kama shi a zuciyata. Maganar da ka ji safe da yamma tana shiga jiki. Na fara auna tsawon rakiyar nan, ina cewa anya ba ta yi yawa ba? In ya ƙi cin abinci in ce me yake ɓoyewa, in ya wanke kayansa da kansa in bi ruwan da kallo. Na manta cewa yaro ne da aka kashe wa aboki. Wata safiya ya tafi gona, na shiga ɗakinsa na zazzage jakarsa ina neman wayar mamacin. Babu komai sai littattafai da tsumma. Ina ɗagowa na gan shi a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar fartanya. Ya ɗauka ya fita. Daga baya ya gaya wa ƙanwata cewa surutun gari da kwanan ofishin 'yan sanda duk ya iya haɗiye su, amma hannuna a cikin jakarsa ya tsaya masa a wuya.

Bai koma makaranta ba, ya tafi Kudu neman sana'a. Yana kira, yana gaishe ni cikin ladabi kamar yadda ake gaida matar maƙwabci. Har yau ba a gano wanda ya kashe yaron ba. Mahaifiyarsa tana kau da kai in mun haɗu a biki, kuma ban ga laifinta ba, nata ciwon ya fi nawa.

Jama'a, ku riƙa raba abin da ido ya gani da abin da kunne ya kwaso, domin ni da na gani da idona ma kunne ya rinjaye ni. Iyaye mata kuma, kunya tana da wurinta, amma ranar da aka ɗora wa ɗanki jini, buɗe baki ki faɗi abin da kika sani. Yanzu na koyi kiran sunansa, ina faɗarsa da ƙarfi a tsakar gida har mata suna mamaki, sai dai ba ya nan balle ya amsa.