Buhun Waken Da Na Fi Tsarewa

Ku da za ku karɓi makullin siton nan daga hannuna, har yau ban manta da ranar da muka buɗe buhunan iri ba, ina aji huɗu na sakandare.

Bayan girbi ne ƙungiyar mata manoma ta nan Ƙarfi ta ba ni riƙon sito, don ba ni da surutu. Ga yadda ake ajiyar waken iri. A shanya shi ya bushe, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke cikin waken sai su mutu don rashin iska. Shugabarmu, Goggo Asabe, ta ce, "Kin ɗaure? To ki bar shi har damina."

Ni kuwa ban iya barin abu ba. Na ƙara kwaɗo biyu a ƙofa. Buhun Goggo na fi ji wa tsoro, domin irinta ke nan na shekara, ba ta da wani. Duk Juma'a in na taso makaranta sai in kwance shi, in leƙa, in tabbatar waken na nan, in mayar in ɗaure da ɗauri mai kyau.

Da aka yi ruwan farko, mata suka taru. Kowane buhu lafiya lau. Na Goggo ne kawai da aka buɗe ƙwari suka yi ta fitowa, waken duk huji, ƙasan ledar duk gari.

Na faɗi gaskiya, cewa nakan kwance shi in leƙa.

Goggo ta ce, "Sau nawa, Nafisa?"

"Duk Juma'a, Goggo."

"Ashe ziyara kike kai musu, har da iskar sha." Mata suka kwashe da dariya, ni kuma na ja hijabi na rufe baki.

Goggo ta ɗaga kwaɗunan tana juyawa. "A tafsiri an karanta mana ayar gidan gizo-gizo, mai rauni. Malam ya ce ba na jikin bango kaɗai ake nufi ba, duk abin da zuciya ta jingina da shi ta bar Allah ne. Naki gidan na ƙarfe ne."

Kowace mace ta ɗebo gwangwani ɗaya daga irinta, aka haɗa wa Goggo abin shuka. Makullin kuma ta mayar mini a tafin hannu.

Don haka in kun ɗaure buhu yadda aka koya muku, ku yi bismillah ku tafi gida. Ni har yanzu hannuna na ƙaiƙayi ranar Juma'a, sai in je in yi wanki.