Malam Obadiya, Wanda Ya Koya Mini Neman x

Ranar Talata, 17 ga Oktoba, 1995, ina ofis Lucy ta aiko a faɗa mini cewa mahaifinta, Malam Obadiya, ya rasu a asibiti a nan Jalingo bayan gajeriyar rashin lafiya. Na saba rubuta abin da ya same ni kowace rana. Ran nan kwanan wata kaɗai na iya sawa.

Malam, ban tabbata ni ne ya dace in yi wannan rubutu ba. Ɗalibanka na sakandare suna da yawa, wasu injiniyoyi ne yanzu. Ni na zo maka ne da furfura, bayan ka yi ritaya.

Da aka ba mu jihar Taraba, an ce akawu ba zai ƙara gaba ba sai da kiredit a lissafi. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar. Wata Lahadi bayan sujada na tare ka a bakin coci, na yi ta kewaye-kewaye. Ka ce, "Tobiya, in lissafi ne, zo gida ran Asabar." Tun daga nan nake zuwa Sintali, mu zauna a baranda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne x mai ƙaramin biyu a kansa. Ka ɗauki kara ka zana gona a ƙasa, tsawonta da faɗinta ɗaya. Ka ce tulin doya arba'in da tara ne a ciki, nawa ne a kowane layi? Na ce bakwai. Ka ce, "To, ka cire sukwaya rut ke nan, ko gumi ba ka yi ba." Sannan ka nuna mini cewa mainas bakwai ma, in aka ninka shi da kansa, arba'in da tara yake bayarwa, don haka amsa biyu ce. Na ce, "Malam, wa ya taɓa shuka doya mainas bakwai?" Ka yi dariya har da tari, ka ce, "A gona babu, a takarda akwai. Mai duba jarrabawa ba manomi ba ne."

Hali ɗaya gare ka wanda ya daɗe yana ba ni haushi. Ba ka taɓa ce mini amsata daidai ce ba. Ni kuwa mutum ne da ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon. In na tambaya, sai ka ce, "Ni ne x? Mayar da lambar inda x yake, ka ga ko gefen biyu za su yi daidai." Na ɗauka rowar magana ce. Sai da na yi watanni kafin na lura na daina ɗaga kai ina neman fuskarka.

Jarrabawar tana watan gobe. Bayan an binne ka na je gaishe da matarka, Mama Alisabatu, na ce mata zan bari sai wata shekara, kaina ba ya ɗauka yanzu. Ta dube ni ta ce, "Kai Tobiya, ka ji kanka? Rani da damina mutumin nan bai je gonar Sunkani ran Asabar ba saboda kai. Ni kaɗai nake fama da ciyawa. Yanzu ka ce mini wata shekara? Tashi ka je ka yi karatu, masu zaman makoki sun ishe ni."

Na tashi. Ban san ko zan ci ba, Malam, har yanzu tambayoyi masu baka biyu suna rikita ni. Amma zan shiga ɗakin jarrabawar, in zauna, in rubuta abin da na sani.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya karɓe ka cikin hutunsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Alisabatu, da Lucy da ƙannenta, da jama'ar Sintali, Kirista da Musulmi, waɗanda suka cika ƙofar gidanka ran jana'iza. Ubangiji ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.

Tobiya Matiyu,
Yelwa, Jalingo.