Mai Allo da Ƙafar Baba Tela

Ranar da aka ɗauke likita ɗaya tilo daga ƙaramin asibitinmu, aka aiko da waya mai faɗin faranti a madadinsa. Wani jami'i mai takalmi mai sheƙi ya ce daga yau likita zai riƙa duba tsofaffi ta cikinta, yana zaune a birni. Ya sha lemo, ya shiga mota, ba mu sake ganin ko ƙeyarsa ba. Wayar kuwa aka danƙa wa ma'aikaciyar jinyar da ta fi kowa daɗewa a wurin, wadda rabin masu gemun garin nan ita ta yanke musu cibiya. Tsofaffi suka sa wa wayar suna allo. Ita kuma ta zama Mai Allo.

Kullum da safe sai ta tabbatar allon ya sha caji, ta saka shi a jaka tare da abin awon jini da na sukari, ta bi gida-gida. Ta san inda sabis yake ɓuya a kowane gida. A gidan mai niƙa sai an jingina da bangon baya, a gidan tsohuwa mai kaji sai bakin rijiya.

Ni ba mai yabon harkar lafiya ba ne. Matata a bayan motar haya ta cika, a kan hanyar birni, kanta a cinyata. Alkawuran manya kuwa na karanta su a jarida fiye da yadda ya kamata mai hankali ya ɓata idonsa. Saboda haka abin da zan faɗa, gani na yi.

Akwai abin da masu ƙera allon ba su sani ba. Tsofaffinmu sun ɗauki likitan ciki baƙo ne ya shigo gida, baƙo kuma ba a tarbarsa da kuka. Ranar ganin likita za ka ga tsoho ya yi wanka, ya zura rigar da ta fi kyau, ya miƙe zaune kamar za a ɗauke shi hoto. A ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, ko da kuwa jiya ɗaukarsa aka yi zuwa banɗaki. Likita ba ya ganin komai sai daga ƙirji zuwa hula. Shi ya sa Mai Allo take isa gida tun kafin lokacin kira, ta zauna hira, idonta yana yawo: takalmin da aka daina sawa, abincin da aka ture, maganin da bai ragu ba.

Maƙwabcina Baba Tela yana da ciwon sukari, yana da keken ɗinki irin na takawa da ƙafa, yana kuma da bakin da ya fi almakashinsa kaifi. Da ƙafar nan tasa ta dama yake ciyar da kansa da jikokinsa marayu. Ya taka ƙusa, wurin ya ƙi warkewa, ya ɓoye wa kowa. Yana da dalilinsa. Yayansa ya je asibitin birni da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya.

Tun daga bakin titi Mai Allo ta lura shagon ya yi shiru. Ina zaune a kan bencinsa ta shigo.

"Baba, yau keke hutu yake?"

"Igiyarsa ce ta tsinke."

"Ga igiya nan lafiyarta ƙalau. Safa fa, a wannan zafin?"

"Gayu ne. Ke ina kika san gayu, kullum cikin farin yadi kamar buhun gishiri?"

Ta kunna allo, likita ya bayyana, wani matashi mai tabarau. Ya ce, "Baba, ina kwana, ya jiki?"

Tela ya gyara hula. "Lafiya lau, likita. Ya iyali, ya aiki? Amma wa ya ɗinka maka wuyan rigar nan? Wallahi ya cuce ka."

Likita yana dariya, ana shirin sallama, sai Mai Allo ta ce, "Likita, dakata. Akwai abin da Baba bai faɗa ba." Ta durƙusa, ta sauke allon ƙasa, ta jingina shi da ƙafar keke, yana kallon safar nan. "Baba, ba zan taɓa ka ba. Kai za ka cire. Amma ni da likita ba inda za mu je."

Da ya ga da gaske take, ya sunkuya ya zare safar da kansa. Warin da ya tashi ya kore ni bakin ƙofa. Ya dube ta ya ce, "Kin tona min asiri a gaban baƙo. Allah ya isa."

"Na ji, Baba. Ɗaga yatsun likita ya gani."

Likita bai yi masa ƙarya ba. Ya ce in aka ƙara jinkiri ƙafar za ta tafi, amma in ya zo yau ana sa ran ɗan yatsa ɗaya kawai za a rasa. Mai Allo ce ta raka shi birni. Da aka sallamo shi, kullum sai ta zo ta wanke ciwon, ta nuna wa likita ta allo, ta naɗe. Tela kuwa ya ɗauke mata gaisuwa. Tana riƙe da ƙafarsa a cinyarta, shi yana kallon bango. Haka aka yi har wurin ya cike, har keke ya dawo yana hana ni barcin rana.

Mai Allo, ke ce idon likita a inda allo ba ya kaiwa. Ke ce kika yarda a tsine miki don wani ya tsira da ƙafarsa. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma da za ku gaji jakar nan, ku sani danna allo kowa ya iya. Ku riƙa isa da wuri, ku kalli ƙasa.

A makon jiya Mai Allo ta yi ritaya, ta koma wurin 'yarta a birni. Ba ta so a yi taro ba, sai ta shiga motar farko. Da labari ya iske Tela, ya ajiye ɗinki, ya ƙi hawa babur, ya taka har tasha. Ya tarar mota ta tashi.

Ya dawo ya zauna kusa da ni yana haki. Na ce ga waya, mu kira ta. Ya ce wannan ba maganar waya ba ce, amma tunda ni na iya surutu a takarda, in rubuta, wataƙila ta karanta. Ga abin da ya je faɗa miki:

"Mai Allo, dube ni. Ni na tako har nan, ba wanda ya goyo ni. Allah ya isan nan kuma na janye ta."