Na hana Baba zuwa Dingaya

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, kuma ni kaɗai ce na yi boko mai zurfi a gidanmu na Farin Dutse. Abin ya hau mini kai. Duk abin da na faɗa a gida ya zauna, ni kuwa ina jin daɗin hakan.

Mahaifinmu manomi ne. Ya fara da ciwon kai da mantuwa, har wata rana ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka tura mu Kano, hoto ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwarsa, irin mai saurin girma. Bayan an yi masa aiki likitan ya ja ni gefe, ya ce rage shi kawai aka yi, zai dawo, kuma yana iya taɓa maganarsa, don haka duk abin da Baba ke son yi a yi shi da wuri. Ban gaya wa kowa ba. Dama na ci karo a wayata da labarin wani bincike a ƙasashen waje, inda ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar jiki daga jinin marar lafiya, a horar da su su gane ƙarin, sannan a mayar masa su yaƙe shi. Wai a wasu har ƙarin ya motse. Da na tambayi likitan ya ce gaskiya ne, amma har yanzu gwaji ne kan mutane ƙalilan, wasunsu ma ya dawo musu, kuma ba ya kusa da mu. Na riƙe abin da ya yi mini daɗi, na koma gida na ce an gano magani, haƙuri kawai za mu yi.

Baba yana da ƙane a Dingaya, Baffanmu, sun daɗe ba sa ga maciji saboda iyakar gonar gado. Da Baba ya ɗan samu sauƙi sai ya ce a kai shi ya nemi yafiya, don shi ne ya faɗi maganar da ta raba su. Na ce wannan ai bankwana ne, ba na son mugun fata, ya bari ya warke ya je da ƙafarsa. Innarmu ta ce a bar shi ya je, na nuna mata wayar kamar ta iya karatu. Ya sake roƙo, na sake hanawa. Ya yi murmushi ya ce to, Malama ta fi shi sani.

Kafin a yanke gero maganarsa ta ɗauke. Ni da kaina na hau mashin zuwa Dingaya ina kuka. Baffa ya zo, ya riƙe hannun Baba ya ce ya yafe duniya da lahira. Baba yana ta motsa leɓe, hawaye na zuba, amma kalma ɗaya ta ƙi fita. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina yi wa masu binciken nan fatan nasara, wataƙila wasu su amfana. Amma 'yan uwa, labarin gwaji ba magani ba ne a hannu, ku saurari likita har ƙarshen maganarsa. Kuma idan marar lafiya ya ce a kai shi ya nemi yafiya, ku kai shi a ranar. Baffa yana cewa ya fahimci abin da Baba ke nufi. Ni dai na san da bakinsa ya so ya faɗa, kuma ni na hana shi.