Ba Zane Ba Ne, Shara Ce

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a Kano, sannan na zo New York na yi wasu tara ina sayar da bel da hular sanyi a Canal Street. Ilimin dai bai tafi a banza ba. Duk baƙon da ya tambaye ni hanyar subway, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya samu amsa har da kudu da arewa.

Ana nan sai wata makaranta a unguwar Morrisania ta nemi mai yi wa yara ƙarin darasi bayan an tashi, na kai takarduna. Shugabar ta ce in zo ran Alhamis in koyar na minti ashirin tana kallo. Batun da ta ba ni shi ne manyan zane-zanen nan na hamadar Peru: tsuntsu, biri, gizo-gizo, da layuka miƙaƙƙu, waɗanda sai daga sama ake gane kamanninsu sosai. In na gamsar da ita, na koma aji. In ban gamsar ba, bel na nan yana jirana, kuma a shekaruna na san ba za a sake kirana ba.

Na kwaso littattafai a laburare. Kan yadda aka yi su, bakin masana kusan ɗaya ne: da igiya da turaku aka auna. Kan dalili kuwa, kowa da nasa, har da masu cewa baƙi ne daga wata duniya, wato dai an fi yarda da aljani a jirgi a kan talaka da igiya. Tsorona ɗaya: tambayar da duk yaro mai hankali zai yi. Don me mutum zai zana abin da ba zai iya gani ba? Malamin da ya ce "ba a sani ba" a minti na uku, me zai yi da sauran sha bakwai?

Maƙwabcin teburina wani dattijo ne mutumin Agadas, mai sayar da tabarau, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin gishiri. Mushe yake ce mini, don a Nijar haka ake kiran malamin boko. Na sha gaya masa abin da kalmar take nufi a Kano, ya ce malamin da ba shi da aji ai duka biyun sun dace da shi.

Ran Talata dusar ƙanƙara ta sauka, kasuwa ta mutu, na buɗe littafi.

"Mushe, mi kake ta hararar takarda?"

Na nuna masa hoton. Ya ɗauki tabarau ɗaya daga cikin hajarsa ya saka, ya duba.

"Wannan ba zane ba ne. Shara ce."

"Baba, masana sun ce..."

"Tsare mini tebur, azahar ta yi."

Ya koma lungun da ke bayanmu, ya dinga ture ƙanƙarar da gefen takalmi har baƙin daɓe ya fito, kusurwa huɗu, da ɗan baki wajen alƙibla. Ya shimfiɗa kwali ya yi sallarsa. Da ya ɗauke kwalin, siffar tana nan.

Ya ce, "Haka muke yi a hamadar Tenere. Ka ture duwatsu gefe, ƙasa ta fito, masallaci ya samu. Wasu tun na kakanni ne, ba wanda ya taɓa su."

"Ana ganinsu daga jirgi?"

"Tambayi na jirgin. Mu shiga muke yi. Kai in ka share wurin sallah, bene kake hawa ka duba ko ya yi kyau?"

Na riga na karanta cewa kwashe baƙaƙen duwatsu aka yi farar ƙasa ta bayyana, na ma ja layi a ƙarƙashin jimlar. Amma duk karatun nan daga sama nake leƙen hamadar, kamar mai hoton.

Ran Alhamis na je da igiyar shanya da sandar tsintsiya, na roƙi shugabar a fita fili da yaran. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta yarda. Na tsaya a tsakiyar ƙanƙarar na riƙe sandar, yarinyar da ke gaba ta kama bakin igiyar, sauran suka bi ta a layi suna jan ƙafa. Suna zagayawa igiyar tana naɗewa a sandar, da'irar tana tsukewa. Na ce a hankali, "Allah ka fid da ni kunya." Yarinyar, ashe iyayenta 'yan zangon Kumasi ne, ta ce amin, sannan ta sanar da ni da Turanci cewa takalmina ya sha ruwa.

Muka hau hawa na uku muka leƙa ta taga. Ga dodon koɗi baƙi ƙirin a kan fari, ya ɗan karkace. Yarinyar nan ce ta yi tambayar da nake tsoro. Na ce ba a sani ba tabbas, amma wasu masana suna ganin tafiya ake yi a kan layukan, wataƙila ana roƙon ruwa. Na ce su faɗa mini, da yi da kallo, wanne ya fi? Sai suka ce a bar su su koma ƙasa su sake bi.

Shugabar ta rufe littafinta. "Litinin, ƙarfe uku. Ka zo da takalmin kirki."

Washegari na kai wa dattijon ganyen shayi da sukari, na fara jawabin godiya da na tsara a subway, mai gabatarwa da kammalawa. Ya katse ni a gabatarwa.

"To, Mushe ya tashi. Wa zai riƙa tsare mini tebur?"

Har yau duk Asabar nakan sauka Canal Street kafin azahar, in tsare.