Kujerar Hagu a Motar Baba

Kujera biyu ce kawai a motar Baba, tasa da tawa. Ya saye ta ne a hannun wani Bature malamin jami'a da zai koma ƙasarsu, lokacin ina aji huɗu na firamare. Koriya ce, gajera, ba ta wuce ƙugun babban mutum ba, rufinta na tamfol, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke. Ta girme ni nesa. Sitiyarinta a dama yake, don an shigo da ita tun kafin a canja hannun tuƙi. Duk Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, babu irinta, kuma Baba ya fi son a san shi da ita fiye da a san shi da dillancin goron da yake ci da mu.

Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini. Ya rantse uwarsa ba za ta je makaranta a ƙasa ba. Kowace safiya sai in shiga kujerar hagu, in ɗora jaka a cinya, mu fita ta gaban masallaci, mu nufi shataletalen Mokola.

Ƙarar motar nan ba ta misaltuwa. Injin kamar a kan ƙafafunka aka ɗora shi. Haƙora suna karo da juna, madubi yana rawa, zafi yana tasowa ta tafin ƙafa. A cikin wannan rugugi ne Baba yake son ya ji abin da na koya.

"Uwata, bakwai sau takwas?"

Na san amsar. Kullum na san amsar. Amma muryata ƙarama ce, ko a aji sai malama ta matso kusa da tebur kafin ta ji ni. In faɗa, ƙara ta haɗiye.

"Ba da ke nake ba?"

In sake faɗa. Daga kan giya zuwa fuskata bai fi taƙi biyu ba, kuma hannunsa na hagu a kan giya yake zama. Ba ya ko juyowa. Bayan hannu ne, da zoben azurfa a yatsan tsakiya. In zoben ya sami kumatu, shaida ta kwana biyu. In ya sami leɓe, sai in shanye jinin kada ya ɗiga a farar rigar makaranta. A bakin ƙofar makaranta kuma ya ba ni kuɗin tara, ya gyara mini ɗankwali, ya ce in yi karatu da kyau. A gida bai taɓa dukana ba. A mota kaɗai.

Sai na yanke a raina cewa laifin ƙarar ne. In ta ragu zai ji ni, in ya ji ni marin ya ƙare. Na fara sauraronta kamar yadda ake sauraron karatu. Na gano ba abu ɗaya ba ce. Akwai gurnani mai kauri da yake fitowa daga ƙarƙashin kujera. Akwai wani kaf-kaf-kaf da yake shigowa ta wurin giya, inda fatar da ta rufe gindinsa ta yage, har kana hangen kwalta tana gudu. Akwai kuma wata huda kamar faɗin kwabo a gaban ƙafata, in na danne ta da takalmi sai wani fito ya ɗauke, in na ɗaga ya dawo.

Umma ɗinki take yi a cikin gida, rigunan jarirai da rigar matashi, matan unguwa su aiko a saya. Ƙarƙashin kekenta cike yake da ƙyallaye. Wata ranar Lahadi bayan azahar, Baba yana barci, na kwashi ƙyallayen na fita, na cusa su a duk hudar da na sani, na danna da tsinken tsintsiya har suka ɓace.

Washegari ba mu kai Mokola ba ƙauri ya cika motar. Hayaƙi ya taso ta wurin giya. Baba ya taka birki, goshina ya bugi ƙarfe. Ya zaro ƙyallayen da hannunsa suna ci da wuta, ya gane atamfar Umma. A nan gefen titi, gaban masu jiran bas, ya fizgo ni waje, ya ciro tsohon bel ɗin fanka daga bayan kujera. Bel ɗin roba ne mai zare a ciki, inda ya sauka sai ya tashi. Wata mata Bayarbiya mai tallan burodi tana ta roƙonsa da Yarbanci ya bari haka nan, tana cewa, "E jo, Alaaji, e jo, o ti to!" Da ya gaji ya tsaya yana haki, ya ce, "Ƙona ni za ki yi? Me ya sa?"

Na ce, "Don ka riƙa jina."

Ya sunkuyo da kansa dab da bakina, na maimaita. Ranar Asabar ya ce in shiga mota, mu je gareji.

Garejin yana bayan Mokola, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Makaniken dattijo ne Bayarabe mai tsage a kumatu, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Da ya ji abin da Baba yake kira na, sai ya sa mini Iya Alaaji, wato uwar Alhaji, yana rusuna mini da wasa. Ya kafa bakin sukudireba a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Sannan ya ce, "Iya, ina ne ƙara yake shiga?" Na nuna masa wurare ukun. Ya dubi Baba ya ce, "Wannan ya kamata ka ba ni, ba mota ba."

Asabar uku aka yi ana aikin, duka ina wurin. Aka cire kujerun da ruɓaɓɓen kafet. Mai walda ya toshe hudojin da gutsattsarin ƙarfe, ya sa sabuwar salansa. Makaniken ya narka kwalta a gwangwani, ya shafe ƙasan motar da bangon da ya raba mu da injin. Baba ya kawo buhunan algarara daga shagon goro, aka yanka su, aka manna a kan kwaltar tun tana da ɗumi, aka bi da soso irin na katifa, sannan sabon kafet. Kusa da salansa makaniken bai yarda a sa buhu ba, ya sa falle na kwano, yana dubana yana dariya: "Ba mu son wuta kuma, ko Iya?" Gindin giya ya ɗaure shi da robar tsohuwar taya. Duk motar ta koma ƙanshin kwalta da goro.

Da muka fito a Asabar ta uku, ban gane motar ba. Gurnanin ya koma can nesa, kamar injin markaɗe a wata unguwa. Na ji tsakuwa tana fashewa a ƙarƙashin taya. Na ji agogon hannun Baba. Na jingina bayana da kujera, abin da ban taɓa yi ba.

"Uwata, tara sau shida?"

"Hamsin da huɗu."

Ni kaina na ji muryata, sarai.

"Uwata!"

"Hamsin da huɗu, Baba."

Wannan karon tafin hannu ne, buɗe, ya rufe kunnena na dama gaba ɗaya. Wani abu ya yi ƙas a cikin kaina. Duniya ta karkata gefe ɗaya. Na taɓa wurin, yatsuna suka dawo da ja.

Baba bai gani ba. Yana dukan sitiyari yana cewa, "Ɓarawo! Asabar uku, ga ta nan tana zuuu kamar jiya!" Ya juya motar a tsakiyar titi, wani direban tasi yana zaginsa, muka koma gareji.

Makaniken yana wanke hannu da fetur. Baba ya fito ko injin bai kashe ba, ya cakumi wuyan rigarsa.

"Me ka gyara? Saurara! Saurara mana!"

Dattijon ya karkata kai ya saurara da gaske. Ya ce, "Alaaji, motor no get noise again." Wato motar ta daina ƙara. Ya zame daga riƙon, ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Injin ya mutu. Ba abin da ya rage sai kukan kaji a bayan gareji.

"Yanzu fa, kana ji?"

Baba ya tsaya. Na ga idonsa yana yawo. Ya ce, "Ina ji."

"To ƙara yana cikin kanka, Alaaji. Kunnenka ne ya mutu. Je asibiti, ni ba na gyaran kunne."

Mai walda ya tuntsire da dariya. Wata babbar sifana tana kan bonet. Baba ya ɗauka ya kai wa dattijon a baki. Na ji ƙarar haƙora. Dattijon ya durƙusa yana kururuwar ya shiga uku da Yarbanci, "Ye e! Mo gbe o!" jini yana bin tsagen kumatunsa. Mai walda ya rarumo ƙarfen jak ya sauke wa Baba a ka, hularsa ta tashi, fatar goshi ta buɗe. Mai faci da mai fenti suka rufe shi. Suka kai shi ƙasa cikin baƙin mai, suna shuri, shi kuma ya kama ƙafar ɗaya ya ciza. Ni ina kujerata, ina kallon bakunansu suna buɗewa, rabin ihun kawai nake ji.

Matan da suke sayar da amala a gefe ne suka raba. Ɗayarsu ta hango ni, ta ga jini a wuyan rigata, ta ƙwalla ƙara tana nuna ni. Nan mazan suka ja baya. Makaniken ya ɗago, ya dube ni, hannunsa a baki. Baba ya rarrafo ya shiga mota. Ya tuƙa mu gida da ido ɗaya, ɗayan jini ya rufe.

Umma ba ta fita da rana. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinta a ƙofar gida ba sai da mayafi, bayan magariba, za ta barka ko gaisuwa. Ta dubi Baba, ta dube ni. Ta juya kaina zuwa haske, ta ce, "Su ne suka yi miki?" Na girgiza kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauki taɓarya a gindin turmi ta fita, ko takalmi babu.

Gilashin gaba ta fara. Sannan fitilun, ɗaya bayan ɗaya. Ta farke tamfol, ta hau dukan kujerar hagu har ƙarfen bayanta ya lanƙwashe. Maza suna zaune a inuwar shaguna, ba wanda ya tashi, sai sunkuyar da kai suka yi. Baba ya fito yana riƙe da tsumma a goshi, yana cewa, "Ke! Kin haukace?" Ta zagaya ta damansa, ta sa bakinta a kunnensa, ta ce da ƙarfin da duk layin ya ji, "Ba za ta ƙara shiga ba. Ka ji wannan, Alhaji?"

Ya ɗaga hannu. Ta ɗaga taɓarya. Suka tsaya haka. Shi ne ya fara saukewa.

Dattawan Sabo da na garejin sun zauna daga baya sun kashe maganar, ban san yadda suka yi ba. Likita ya ce dodon kunnena ya fashe, zai haɗe, amma ba zai koma kamar dā ba. Haka kuwa aka yi. Baba bai je asibiti don nasa kunnen ba, bai kuma taɓa yi mini maganar ranar ba har ya rasu.

Bayan mako biyu na koma makaranta da auduga a kunne. A ƙasa na tafi, tare da 'yan matan maƙwabta, suna ta surutunsu da Yarbanci, ni ina gefensu na dama don in ji. Tafiyar ta fi yadda na zata tsawo. Muka makara, malamin da yake tsaron ƙofa ya jera mu, ya yi wa kowa bulala biyu a tafin hannu. Na karɓi nawa, na hura hannun, na shiga aji.