Ni da Kunkurun Teku a Brickfields

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, malamin da ke duba aikin digirina ya tura ni wurin wata mata mai shirya finafinai kan halittun teku, wai in ga yadda ake aiki da hannu, tunda a cewarsa surutuna a takarda ya yi yawa. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon yadi a Brickfields. 'Yar Malay ce, ta haura hamsin, rana ta ƙone mata fuska in ban da zagayen idanu, inda gilashin nutso ke zama. Kowa Kak yake ce mata, wato yaya, ni ma na bi sahu.

Ranar farko ta tambaye ni ko na iya ruwa. Na tuna kududdufin bayan gidanmu a Kano, inda muke facal-facal da damina, na ce, "Kak, ai a ruwa na girma."

"To, ranar Asabar ka zo mu gani."

Wurin ninƙaya na gidan da take zaune a Sri Petaling ta kai ni. Na yi tsalle na faɗa, na ji ƙasa ta ɓace, na shiga salati ina kwankwaɗar ruwa. Ta tsaya daga waje tana kallona, can ta ce, "Miƙe tsaye, lah." Na miƙe. Ashe ruwan iya ƙirjina ne.

Shi ya sa da ta kwashi mutanenta suka tafi tsibiran gabas, ni aka bar ni da kwamfuta da fanka. Aikina in kalli duk abin da suka ɗauko, in rubuta abin da ya faru minti-minti. Yawanci ba abin da ke faruwa, ruwa ne kawai da yashi. Ita kuwa sai ta yi awa guda a ƙasan teku tana jiran kifi ɗaya ya leƙo daga rami. Da ta dawo ta nuna min hoton wani jibgegen kifi mai kauri a goshi, ta ce shekara shida tana bibiyarsa, me na gani? Na ce a garinmu wannan zai ciyar da gidan biki. Kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Akwai wata kyamara da suka ɗaure a jikin dutse suka manta da ita wuni guda. Kak ta ce in goge hoton, ɓata wuri ne. Ban san yadda ake gogewa ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya, sai na bar shi yana tafiya ina cin shinkafar da na yo tapau, wato aka ƙunsa min a leda, daga shagon mamak, Indiyawan nan masu sayar da abinci. Ina tsakiyar loma wani kunkurun teku ya shigo. Farar leda na shawagi a gabansa. Ya cafka, ya tofar, ya zagayo ya sake cafka, a karo na uku ya haɗiye ta. Na dubi ledar da ke kan cinyata, abincin ya fita daga raina.

Na nuna wa Kak, sau uku ta kalla. Sannan ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "Shekara nawa ina faɗa wa mutane wannan da baki." Da hoton nan ta buɗe fim ɗin.

Ranar da aka nuna shi na je gidanmu a Taman Melati na ɗauko matata, wadda na daɗe ina cika wa baki cewa aikin teku nake yi. Da aka tashi ta je ta gaida Kak, ta tambaye ta a wane wuri maigidan nata ya fito, don ba ta gan shi ba.

"Yana can kan kujera," in ji Kak. "Ban taɓa samun mai iya zama irinsa ba."

A jirgin ƙasa kan hanyar komawa gida matata ba ta yi min dariya ba, kunkurun take ta jimami. Washegari ta tattara duk ledojin kicin, ta miƙo min kular abinci mai hawa uku, ja, mai zanen furanni. Da ita na riƙa shiga jami'a har na gama karatu.